'Ya'yan Kifin Malama

"Ba da rariya ba, Azumi! Kashe su za ki yi. Ludayi za ki sa, ki ɗebo su tare da ruwansu."

Azumi ta ajiye rariyar shayin da ta ɗauko, ta jawo ludayin miya daga cikin kwando, ta naɗe hannun riga. Akwatin gilashin yana kan tebur kusa da taga, cike da ruwa, da 'yan duwatsu da ciyawa a ƙasansa. Kifaye bakwai ne a ciki, ba wanda ya kai tsawon ɗan yatsa, wutsiyoyinsu ja da ruwan ɗorawa. Ɗaya ta fi sauran kauri, ta laɓe a kusurwa tana buɗe baki tana rufewa. Sai da Azumi ta kai fuskarta dab da gilashin sannan ta ga abin da ake yi mata ihu a kai. Wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa ne, ba a ganin komai a jikinsu sai baƙaƙen idanu biyu da ɗan zaren wutsiya.

Tana cikin kallo, mai kaurin nan ta juyo ta buɗe baki, ɗaya ya ɓace.

"Innalillahi! Malama, ta haɗiye shi! Ba ita ta haife su ba?"

"Ita ta haife su," in ji Malama daga kan gado. Ta tokare da gwiwar hannu ɗaya, zufa na bin wuyanta. "Ba ta dai sani ba. Duk abin da ya gifta ta gaban bakinta abinci ne. Ki yi sauri, amma a hankali."

"Sauri kuma a hankali, wanne zan ɗauka?"

"Duka biyun."

A gefen babban akwatin akwai wani ƙarami, wanda Malama ta sa aka wanke tun makon jiya aka cika da ruwan babban. Azumi ta rinƙa nutsa ludayin a hankali, ta jira har ruwa ya ja ɗan kifin ciki, ta ɗaga, ta juye a ƙaramin. Wasu sun shige cikin ciyawa sai an lallaɓa. Tun da hantsi suka fara, ba su gama ba sai da ladanin masallacin layi ya gyara murya zai kira azahar. Malama ta sa ta ƙirga sau uku. Ashirin da uku.

"Alhamdulillahi," in ji Malama, ta saki jikinta a kan matashi. Ta rufe ido tana numfashi sama-sama, kamar ita ta yi aikin.

Sunanta Halimatussa'adiyya, amma duk layin Malama ake ce mata. 'Yar Kurfi ce. Aikin koyarwa ya kawo ta Dutsin-Ma, ta shekara talatin da ɗaya tana koya wa 'yan mata ilimin halittu har ta yi ritaya. Ta yi aure sau biyu Allah bai ba ta haihuwa ba, na biyun kuma ya rasu shekara tara da suka wuce. Tun lokacin take zaune ita kaɗai a ɗan gidan haya mai ɗaki biyu da ke jikin katangar gidan su Azumi. Kifayen daga Kano ta fara kawo su a cikin leda, wai don ta nuna wa ɗalibai. Ɗaliban suka gama suka tafi, kifaye suka zauna.

Matan layi ba su taɓa gane kan abin ba. Kifin da ba a ci, ba a sayarwa, kullum ana saya masa abinci a gwangwani, har da 'yar na'ura mai hura masa iska. Wasu suka ce ba kifi ba ne, mutanen ɓoye ne take kiwo. Ita kanta Azumi ta taɓa cewa a wani gidan biki, "Wadda ba ta da ɗa ai ko kifi ta samu sai ta goya." Aka yi ta dariya har da masu tafa hannu. Shekara biyar ke nan da maganar, amma ba ta manta da ita ba.

Wata huɗu da suka wuce Azumi ta shiga aron turmi, ta yi sallama ba a amsa ba. Ta tarar da Malama a zube a bakin banɗaki, zani ya zame. A nan ta ga abin da matar ta fi shekara tana ɓoyewa a ƙarƙashin hijabi: nonon hagu ya zama gyambo, ya buɗe. Aka kai ta asibiti a Katsina, aka ce ciwon daji ne, kuma an makara. A zuwa na uku likita ya ja yayanta gefe ya ce su koma gida su kula da ita.

Tun daga ranar Azumi ce mai wanke ciwon, safe da yamma. Ba wanda ya sa ta. Ta dai ga ba wanda zai yi. Ruwan ɗumi da gishiri, auduga, bandeji, sannan ta sa garwashi a kasko ta zuba turaren wuta saboda warin. A kwanakin farko sai ta fita bayan ɗaki ta yi amai ta kurkure baki ta dawo. Malama ba ta taɓa cewa ta ji ba.

Ranar Laraba, ranar kasuwa, Alhaji Hudu ya zo. Shi ne yayan Malama, uwa ɗaya uba ɗaya, mai sana'ar hatsi a Kurfi. Ya yi sallama, Azumi ta jawo hijabi ta matsa gefe. Bai zauna ba. Ya tsaya a bakin ƙofa, hularsa ta jiƙe da zufa.

"Sannu Halima. Ya jikin?"

"Da sauƙi, Yaya."

"Sauƙin ke nan? To ni dai yau ƙafata ƙafarki. An share miki ɗaki, Hajiya ta gyara komi."

"Yaya, ka ba ni mako uku. Kifin ta haihu shekaranjiya. In suka yi mako uku sun wuce haɗari, sai in bi ka."

Alhaji Hudu ya dubi akwatin, ya dubi Azumi, kamar yana neman mai shaida.

"Kin ji ko? Kifi! Halima, mi kike so mutane su ce da ni? A Kurfi ko majalisa ban iya zama. Ana cewa Hudu na da gida mai ɗaki goma ya bar ƙanwarshi tana ruɓewa a gidan haya."

Kalmar ta fito kafin ya kama ta. Ɗakin ya yi tsit, ba a jin komai sai 'yar na'urar nan tana fitar da kumfa a cikin ruwa. Malama ta ja mayafi ta ƙara rufe ƙirjinta. Alhaji Hudu ya cire hula ya share fuska da ita, sai ga shi ya durƙusa a bakin gadon, babban mutum mai furfura.

"Ki yafe mini. Mu biyu muka rage, Halima. Ban son a bugo mini waya."

Malama ta dafa hannunsa.

"Asabar," in ji ta. "Ka bar ni zuwa Asabar in koya wa Azumi."

Kwana ukun nan Malama ta koma malamarta. Muryar ta shaƙe, amma faɗan yana nan. Ta sa Azumi ta dafa ƙwai ya yi tauri, ta ɓare, ta ciro gwaiduwar.

"Tsinken sakace za ki ɗauka. Abin da ya maƙale a bakin tsinken, shi ke nan. Ki murje shi a cokali da ɗigon ruwa, ki zuba. Sau huɗu a yini."

"Haba Malama, wanga ɗan abu ga rai ashirin da uku?"

"Cikin kowane bai kai idonshi girma ba. Yunwa ba ta cika kashe su ba, ƙoshi ke kashe su. Abin da ba su ci ba ruɓewa yake a ƙasa ya ɓata ruwan."

Ta koya mata zuƙo dattin ƙasa da tsohuwar robar ƙarin ruwa da ta taho da ita daga asibiti, a ɗaure bakin robar da ƙyalle kada ta zuƙo ɗan kifi. Ta koya mata kada ta taɓa zuba ruwan famfo kai tsaye, sai ya kwana a bokiti a buɗe maganin ciki ya fita. Kada a canja ruwan duka, kashi ɗaya cikin huɗu kawai, a zuba sabon ta jikin gilashi kamar ana zuba wa jariri a ka. Kada sabulu ya kusanci komai nasu. In aka ɗauke wuta, a cire wayar na'urar a maƙala a batirin sola da ke ƙarƙashin tebur, don da zafin bazarar nan ruwa ba ya riƙe iska.

"Maimaita."

Azumi ta maimaita.

"Kin manta ƙyallen."

"A ɗaure bakin roba da ƙyalle."

"Yauwa. Da a ajina kike da kin ci rabi."

Suka yi dariya, dariyar ta koma wa Malama tari, tarin ya taɓa ciwon. Azumi ta riƙe ta har ya lafa.

Ranar Asabar da safe Sabitu, mijin Azumi, ya kawo motarsa ƙofar gida. Direban bas ne, kullum yana kan hanyar Dutsin-Ma zuwa Katsina. Ya cire kujeru biyu na baya ya shimfiɗa katifa. Da aka zo fita da Malama ta ce a tsaya, a kai ta gaban tebur. Azumi da wata maƙwabciya suka riƙe ta. Ta ɗora goshinta a kan gilashin ƙaramin akwatin tana kallonsu, har Alhaji Hudu ya yi gyaran murya a tsakar gida. Ta miƙa wa Azumi makullin gidan.

"Amana, Azumi."

"Allah Ya ba ni ikon riƙewa."

Matan layi sun fito ƙofar gidajensu suna ta "Allah Ya ba da lafiya". Motar ta juya kwana ta ɓace.

Kwana bakwai Azumi tana riƙe da amanar yadda aka ce. Da ta idar da sallar asuba ta ɗora koko, sai ta zagaya da makulli. Gidan ya yi mata faɗi. Gadon babu katifa, ƙamshin turare da warin ciwon sun kama bango sun ƙi fita. Takan ba manyan abincinsu na gwangwani, sannan ta zauna a gaban ƙaramin da tsinkenta. A kwana na biyar ta lura da zarar inuwarta ta faɗa kan gilashin sai su taso gaba ɗaya su taru a sama. A na bakwai ta ga ɗan baƙin ɗigo ya fara fitowa a wutsiyar wasu. Ta kama kanta tana yi musu magana, tana ce wa wani mai yawan ture 'yan'uwansa "kai, maras kunya". Ita da ta yaye 'ya'ya shida ta aurar da huɗu, ba ta taɓa zaton abu kamar ƙwayar gero zai sa ta bar tuwo a wuta ba.

Rana ta takwas aka yi sunan jikar yayarta a Shema. Dole ta je, kuma yini za a yi. Da sassafe ta shiga da ƙwai a hannu, ta tsaya tana lissafi. Sau huɗu a yini, ita kuwa ba za ta dawo ba sai yamma. Ta dube su sun taru a sama suna jira. Ta ce a ranta yau ɗaya dai ba za ta zama komai ba. Ta gutsuro kusan rabin gwaiduwar ta murje ta zuba, don su yi ta ci har ta dawo. A lokacin akwai wuta, na'ura na aiki, batirin bai ko faɗo mata a rai ba. Ta kulle ta tafi.

Ranar an yi zafin da ko kaji sai da suka buɗe baki. Ba ta dawo ba sai bayan la'asar sakaliya. Tun daga tsakar gida ta ji shirun, babu ƙarar kumfa. Da ta tura ƙofar ɗakin wani wari ya tare ta, ba irin wanda ta saba da shi ba. Manyan suna sama suna haƙi amma da ransu. Ruwan ƙaramin akwatin kuwa ya yi fari kamar an dama koko a ciki. A samansa 'yan abubuwa na yawo, fari-fari, a kife, kamar ƙaiƙayi.

Ba ta cire hijabin biki ba. Ta maƙala waya a batiri, ta jawo bokitin ruwan da ya kwana, ta ɗauki ludayi. Duk wanda ta ga yana motsi ta ɗebo shi. Ta samu takwas. Kafin magariba biyu suka kife a cikin kwanon tana kallo. Saura shida.

Sauran ta tace su a ƙyalle. Dukansu ba su cika cokalin shayi ba. Ta tona ɗan rami a gindin zogalen tsakar gidan ta rufe su, ta ɗora dutse saboda kaji.

Sabitu ya dawo ya tarar ba a ɗora tukunya ba, matarsa na zaune a kan tabarma ido jawur.

"Lafiya? Malama ce?"

Ta gaya masa. Ya sauke numfashi, har ya ɗan yi murmushi.

"Kai, kin tsinka mini zuciya. Kifi ne fa, Azumi, ba mutum ba."

"Amana ce, Baban Na'ima. Ta faɗa mini da bakinta, ƙoshi ke kashe su. Na maimaita mata. Da hannuna na zuba."

"To ƙaddara ce. In ta tambaya ki ce suna lafiya. Mi za ki ƙara wa mai ciwo?"

"In yi mata ƙarya tana kan gadon mutuwa?"

"Ki gaya mata gaskiya ki ga ko za ta kwana."

Kwana biyu tana juya maganar. Ranar Talata ta bi motar mijinta zuwa Kurfi, ta zauna a gaba da kular kunun gyaɗa a cinya. Hanya duk gonaki ne a share, ana ƙona kara, hayaƙi na tashi, kowa na jiran ruwan farko. A wajen Birchi suka tsaya a shingen jami'an tsaro aka leƙa motar aka ce su wuce. Tun daga nan take shirya yadda za ta fara. Malama, na yi laifi. Malama, ki yi haƙuri. Ba wadda ta zauna mata daidai.

Hajiya Kyauta, matar Alhaji Hudu, ta tare ta a tsakar gida ta riƙe hannunta biyu.

"Gara da Allah Ya kawo ki. Wallahi muna iya ƙoƙarinmu, amma ta hana kowa taɓa wajen. Ma'aikaciyar asibiti na zuwa bayan kwana biyu, ita ma da faɗa. Abinci kuwa sai dai ruwa."

Ɗakin yana can ƙuryar gida, an share shi tas, an sa labule sabo. Azumi ta yi sallama ta shiga. Kwana goma kacal, amma matar da ke kan katifar kamar an zare rabinta. Hannun hagu ya kumbura ya yi sulɓi, fuskar ta zama ƙashi da ido.

"Azumi ce?"

"Ni ce, Malama."

"Na ji takunki. Yaki nan."

Azumi ta nemi ruwan ɗumi da gishiri. Bandejin ya manne, sai da ta jiƙa shi ta rinƙa ɗagawa kaɗan-kaɗan. Ciwon ya ci gaba har ƙarƙashin hammata. Malama ta cije gefen mayafi, hawaye na gangarowa cikin kunnenta. Da aka gama ta sha kunu cokali uku ta kau da kai.

"Ya 'ya'yana?"

Azumi tana naɗe ragowar bandeji. Duk abin da ta shirya a hanya ya tsere. Ta dubi idanun nan da suka faɗa ciki, sun ɗan yi haske a karo na farko tun shigowarta.

"Suna nan lafiya, Malama."

"Duka?"

"Duka."

"Ashirin da ukun?"

"Ashirin da uku. Har wutsiyarsu ta fara baƙi. In suka ga inuwata sai su taso."

Malama ta zuba mata ido. Irin kallon da ta shekara talatin tana yi wa 'yan mata ne in an zo duba aikin gida. Azumi ta sunkuyar da kai tana gyara murfin kula.

"To, alhamdulillahi," in ji Malama a hankali. "Kin fi ni hannu. Ki dai rinƙa rage musu ƙwan. Kuma in sun yi wata guda ki fara murje musu na gwangwani."

"To, Malama."

Ko ta yarda, ko ta gane ta rufa mata asiri, Azumi ba ta sani ba, kuma har yau ba ta sani ba.

Can Malama ta laluɓo hannunta ta riƙe.

"Ina da roƙo. Na gaya wa Yaya, na gaya wa Hajiya. In ta Allah ta kasance, ke za ki yi mini wanka. Ke kaɗai kika san yadda jikin nan ya koma. Ban son a yi ta ba da labarina a gidajen biki."

Maganar gidajen biki ta soki Azumi har ƙahon zuci. Ta durƙusa sosai.

"Malama, ki yafe mini. Akwai maganar da na taɓa yi a kanki, shekarun baya…"

"Ta goyon kifi? Ta iso ni tun a daren." Leɓenta ya ɗan motsa. "Na ji zafinta ƙwarai. Amma wadda ta yi maganar ita ta wanke mini gyambo wata huɗu. Na yafe tuni. Ni ma ki yafe mini faɗana."

Azumi ta kifa kai a gefen katifar ta yi kuka mai isarta. An yafe mata tsohon laifi, ga sabo tana riƙe da shi a baki ta kasa fitarwa. Da la'asar Sabitu ya dawo daga Katsina ya tsaya ya ɗauke ta. A hanya ta ce masa ranar Juma'a za ta koma ta faɗi gaskiya, ko me zai faru.

Ranar Alhamis da safe tana tsugune a gaban ƙaramin akwatin da tsinke a hannu, ta ji sallamar mijinta a ƙofar gidan Malama. Bai taɓa shigowa gidan ba tun da aka tafi da ita. Ya tsaya a tsakar gida da waya a hannu.

"Alhaji Hudu ne ya bugo. Sai haƙuri. Bayan an fito masallaci Allah Ya karɓi abinShi. Suna jiranki."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ta ƙarasa murje abin da ke cokalin ta zuba musu, don ba ta san lokacin da za ta dawo ba. Daidai bakin tsinke. Ta maƙala wayar na'urar a batiri, ta ja ƙofa.

A Kurfi an kafa rumfa a ƙofar gida, maza sun fara taruwa. Aka shigar da ita ta cikin mata har bayan ɗaki, inda aka kewaye da zana aka shimfiɗa tabarma. Su biyu ne kawai, ita da Hajiya Kyauta mai zuba ruwa. Da aka zo wajen ƙirji Hajiya ta kau da fuska tana salati, ta miƙo butar ba tare da ta duba ba. Azumi ta sa ƙyalle a hannu ta wanke wajen yadda ta saba, a hankali, daga gefe zuwa ciki, kamar mai shi za ta ji zafi. Ta sa sabuwar auduga ta rufe. Jikin ba nauyi, ita kaɗai ta juya shi dama da hagu.

Da aka zo naɗa likkafani, kafin a rufe fuskar, ta sunkuya dab da kunnen.

"Shida suka rage, Malama. Ni na cika musu ƙwai. Ki yafe."

"Mi kika ce?" in ji Hajiya Kyauta.

"Wata magana ce tsakaninmu."

Ta ja farin ƙyallen ta rufe, ta ɗaure. Maza suka yi sallama suka shigo da makara. Kafin azahar an dawo daga maƙabarta.

Bayan addu'ar bakwai Alhaji Hudu ya zo Dutsin-Ma da a-kori-kura, don mai gidan ya samu wanda zai shiga. Aka fitar da gado da akwatunan littattafai da tukwane. Ya rame, maganarsa ta ragu. Da aka zo kan tebur ya tsaya.

"Wanga kuma ta ce naki ne, da batirin da komi. In ba ki iyawa ki faɗa, in nemi wani cikin 'yan jami'a."

"Zan iya, Alhaji."

Ya gyaɗa kai, ya leƙa ƙaramin akwatin. Bai tambayi ko nawa ne ba. Ya fita.

Manyan ba su ba da wahala ba, a bokiti aka kai su, aka kwashe ruwan babban akwatin aka ɗauke shi. Ƙananan ne Azumi ta ce ba za a sake taɓa su da ludayi ba, sun sha wuya ya isa. Ta zuƙe rabin ruwan da roba. Sabitu, da ya riga ya makara lodi, ya samo wani faffaɗan katako suka ɗora akwatin a kai, shi gaba yana tafiya da baya, ita a baya.

Daga ƙofar Malama zuwa tasu taku ashirin ne, amma sai da suka yi kamar minti biyar. Ruwan na tangaɗi, yana taɓa wannan gefe ya koma wancan. Wani mai babur ya zo zai wuce ya kashe injin ya jira. Mata biyu suka leƙo daga zaure suna kallo.

"A hankali, akwai dakali," in ji Azumi.

"Na gani."

Suka sauke shi a kan ɗan teburin ɗakinta, inda take ajiye kwanukan samira. Teburin ya ɗan karkata, ruwan ya kwanta gefe guda. Sabitu ya duba, ya fita tsakar gida, ya dawo da guntun kwali ya ninka huɗu, ya tsuguna ya cusa a ƙarƙashin ƙafar teburin. Ya girgiza ya ga ya zauna.

Bai tashi ba. Makullin mota na hannunsa, yana tsugune, fuskarsa daidai gilashin. Ruwan ya yi ta lilo yana raguwa har ya tsaya cak. Su shida sun dunƙule a kusurwa ɗaya a ƙasa, bayan wani ɗan dutse. Can ɗaya ya fito, ya tsaya, ya kaɗa wutsiya. Sai na biyu ya biyo shi.